Ungozoma mai ɗinkin bargon ƙyallaye: labarina daga Sakkwato

Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce, haifaffiyar cikin garin Sakkwato, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 nake aikin gwamnati a ɗakin haihuwa. A unguwarmu da wannan aka san ni. Idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ƙofata ake fara bugawa kafin a nemo mota. Amma akwai wani aiki da nake yi wanda babu mai biyana a kansa, kuma shi nake son in ba da labarinsa: ina haɗa ƙyallayen atamfa da teloli suka rage, in sa auduga a tsakiya, in yi shafi, in bi shi da ɗinkin hannu har ya zama bargo. Na daɗe ina jin mutane suna kallon abin a matsayin ɓata lokaci ga mace mai albashi. Ni kuwa na san da ba don shi ba, da wuya in kai yau ina bakin aikina da lafiyar zuciyata.

A gidan kakata na tashi, can wajen Hubbare. Inna, kamar yadda muke kiranta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma hannunta ba ya zama banza. Takan gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta kama mazari ta yi kaɗi. Zane idan ya tsufa ba ta yar da shi. Sai ta haɗa biyu ko uku, ta shimfiɗa ɗaya kan ɗaya, ta bi su da zare layi-layi, ya zama shimfiɗar jariri ko abin rufa na sanyi. Ba ta ɗauki wannan gwaninta ba, tattali ne kawai. Nakan zauna gefenta ina zura mata zare saboda idonta ya fara rauni, in ta ga hankalina ya tafi wajen wasa sai ta ce, "Zamna nan, ɗiyata. Mace ba ta rasa abin yi in tana da allura."

Wanda ya koya mini ainihin sirrin cusa auduga kuwa namiji ne, ƙanin mahaifiyata. Kawu yana gyaran kayan doki, kuma gab da Sallah aiki kan yi masa yawa saboda masu hawa. A wurinsa na fara ganin lifidi da idona, wato rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga a sa wa doki da mahayinsa. A zamanin Daular Usmaniyya 'yan lifida su ne ke gaba a fagen yaƙi, domin kaurin audugar yana rage wa kibiya ƙarfi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a filin Giginya a watan Maris na 1903, lifidi ya tashi daga kayan yaƙi ya koma kayan ado na hawa. Kawu yakan ɗinka layuka a jere, ya tura audugar rimi a tsakaninsu da siririn kara, ya toshe bakin. Na tambaye shi dalilin da layukan suke kusa da juna haka, ya ce, "Abin da anka cusa, in ba a tsare shi ba, gudu shikai. Wanki guda, ki ishe shi ya taru gefe ɗaya." Har gobe da wannan maganar nake auna tazarar ɗinkina.

Da na shiga makarantar koyon aikin jinya na ajiye duk wannan. Karatu, aure, goyo, sannan aiki. Shekaru suka wuce ban taɓa zare ba sai in maɓalli ya cire.

Wanda bai yi aikin ɗakin haihuwa ba zai ɗauka farin ciki ne kullum, a haifi yaro a yi barka. Akwai wannan, alhamdu lillahi, kuma shi ya fi yawa. Amma akwai daren da za a kawo miki yarinya daga ƙauye bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ko mai jijjiga da ba ta taɓa zuwa awo ba, ko wadda jini ya ɓalle mata a hanya. Ku yi ƙarin ruwa, ku aika neman jini, likita ya shigo da gudu, wani lokaci Allah ya ba da sa'a, wani lokaci kuma kwana ya ƙare. Ke ce za ki fita ki sami uwarta zaune a ƙasa bakin ƙofa ki gaya mata. Daga nan ki wanke hannu ki koma, domin akwai wata a gado na gaba da kan ɗa ya riga ya sauko. Babu wanda ya koya mana inda za mu kai wannan nauyin idan an tashi aiki. Wasu abokan aikina hawan jini ya kama su. Wasu suka zama masu faɗa, har mata suna tsoron a ce su ne ke aikin dare. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, na san abin da ya mayar da su haka.

Ni barci ne ya ƙaurace mini. In dawo daga aikin dare da hantsi, jiki ya mutu, in kwanta, ido ya ƙi rufuwa, fuskokin nan suna ta dawo mini. Na yi addu'a, na riƙe azkar, kuma sun taimake ni ƙwarai. Sai dai hannuna ma yana neman abin da zai riƙe. Wata safiya bayan mun rasa wata ƙaramar yarinya da cikinta na fari, na buɗe ledar ragowar ɗinkin Sallar yara da tela ya maido mini, na yanka su murabba'i, na fara haɗawa ba tare da na san me zan yi da su ba. Kafin azahar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. A asibiti abu yakan fi ƙarfina komai ƙoƙarina. A nan kuwa idan layi ya karkace, sai in warware in sake, ya miƙe.

Bari in ɗan bayyana yadda aikin yake, domin da yawa suna ɗauka tsumma ne kawai ake jonawa. Hawa uku ne. Na sama shi ne ƙyallayen da aka haɗa, na tsakiya auduga ko tsohon bargo marar nauyi, na ƙasa kuma shafi, yawanci tsohon zane mai laushi ko yadi guda. Atamfa ta auduga zalla ta fi komai daɗin aiki. Shadda tana yi idan an wanke ta ta saki, amma leshi da yadi mai santsi ba na kusantarsu, domin suna zamewa kuma ba sa riƙe ɗinki. Duk ƙyallen da ya shigo gidana sai na jiƙa shi na wanke tukuna, saboda wata atamfar tana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, wata kuma tana tsukewa bayan wankin farko. In kin haɗa wadda ta tsuke da wadda ba ta tsuke ba, bargon zai tattare. Bayan wanki sai guga, sannan in yanka da ma'aunin kwali da na yi da kaina, ina barin ɗan baki daidai wa daida a kowane gefe. Wannan ɗan bakin shi ne komai. Idan ya bambanta ko da kaɗan ne, kafin ki kai layi na goma kusurwoyi sun daina haɗuwa.

Audugar rimi tana da ɗumi da rashin nauyi, amma ba ta son wanki kuma tana yawo, shi ya sa ta fi dacewa da matashi da katifa. A bargo na fi son audugar gona da aka shiɓe aka baje ta siriri. Sai in shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, in kama su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa baki, sannan in fara ɗinkin gaske, ƙanana, layi kusa da layi. Wannan matakin shi ke cin watanni.

Yanayin garinmu ma shi ya tsara mini aikin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu mai iya ɗora bargo a cinya. Lokacin yanka ne da haɗa ƙananan ƙyallaye, abin da za ki riƙe a tafin hannu kina zaune a inuwa. Idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, sai in fito da manyan, in rufe ƙafafuna da rabi ina ɗinka rabi. Makon aikin safe ina samun bayan isha'i. Makon aikin dare kuwa sai ɗan lokaci da hantsi kafin barci ya ɗauke ni. Ban taɓa kai ɗinki wurin aiki ba, ko da dare ya yi tsit babu mai naƙuda. Matar da ke kwance tana da haƙƙin idona gaba ɗaya, kuma ɗakin haihuwa ba wurin tsumma ba ne.

Duk da haka aikin biyu sun haɗu a wuri guda, wajen bakwaini. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kuma sanyi yana kashe irinsu cikin sauƙi. Kwalbar ɗumama jarirai ba ta isar kowa, wuta ma ba kullum ba. Abin da muke koya wa uwa shi ne ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure su tare da zane, kuma kada a yi gaggawar yi masa wanka. Ranar sallama sai ki ga wata ba ta da komai sai ɗan zane ɗaya, ga hunturu, ga tafiya a bayan babur ko a motar kasuwa zuwa Kware ko Wamakko ko Bodinga. Na fara ɗinka ƙananan barguna marasa nauyi saboda su. Ina wankewa, in shanya a rana, in goge, in sa a leda, in ba uwar a bakin ƙofa, tare da gargaɗin cewa a kan bayan yaron za a yafa, ba a fuskarsa ba, kuma bargon ba ya maye gurbin ƙirjinta. A 2013, da jihar Sakkwato ta fara raba maganin shafa wa cibiya na chlorhexidine da ƙwayar misoprostol ta tsayar da jini bayan haihuwa, mun shiga ƙauyuka da yawa wajen wayar da kai, kuma a wani gida na tarar da ɗaya daga cikin bargunana a kan igiya, ya koɗe, an yi wa yaro na uku goyo da shi. Uwar ba ta gane ni ba, ni ma ban ce komai ba, amma na yi kuka a mota.

Na daɗe ina zaton ni kaɗai ce mai wannan hali a garin nan. Ashe muna da ɗan yawa, kowa a ɓoye a ɗakinta. A wurin tela muka fara gano juna, domin duk mai zuwa tana tambayar ragowar ƙyalle ka san akwai dalili. Yanzu mukan haɗu a gidana wasu ranakun Asabar bayan la'asar.

Akwai Malama, wadda ke koyar da lissafi a firamare. Ajinta ya cika maƙil, muryarta kullum a dishe. Ita ce gwanarmu a yankan kusurwa uku, kuma ba ta yarda da "ai ya yi kusa". Takan ɗauki ƙyallayen zuwa aji ta nuna wa yara yadda rabi biyu ke zama ɗaya, kwata huɗu su cika murabba'i, ta ce sun fi ganewa da abin da suka taɓa da hannu fiye da abin da aka zana a allo. Akwai wata ma'aikaciyar rajista a kotu. Yininta duka a kan takardun saki da rabon gado da rigimar gona yake ƙarewa, tana rubuta yadda 'yan'uwa ke rabuwa. Ita ba ta son launi mai haske, kuma ba ta cika magana ba idan tana ɗinki. Ta taɓa ce mini, "Sista, ni dai in na zo nan ba na son in ji ƙarar kowa." Akwai yarinya ma'aikaciyar banki, sa'ar 'yata, wadda ke fita tun da sassafe ba ta dawowa sai bayan magariba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da ƙarancin takardun naira, ta sha zagi daga mutanen da suka yini a layi, alhali ba ita ta kawo dokar ba. Takan zo ta zauna ta ce, "Mama, ba ni wanda ba ya buƙatar tunani." Sai in miƙa mata dogon layi miƙaƙƙe. Ita da keke take haɗa na sama saboda ƙarancin lokaci, kuma ban taɓa ce mata hakan ragi ba ne.

Har namiji muna da shi, ko da yake ba ya zama cikinmu. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, mijin ƙawata, wanda ya yi ɗinkin hula tun yana almajiri. Mahaifiyarsa ciwon gwiwa ya sa sujada tana yi mata wuya, sai ya aiko matarsa ta tambaye ni yadda ake cusa auduga, ya ɗinka mata dardumar salla mai taushi. Yanzu tsofaffin layinsu duk sun samu. Wannan bai ba ni mamaki ba. A ƙasar Hausa allura ba ta taɓa zama ta mata kaɗai ba, manyan riguna masu aska malamai ne da almajiransu suka saba yi musu aiki.

Abin da na lura shi ne dukkanmu aikinmu na mutane ne, kuma irin aikin da ba ya ƙarewa. Malama ta yaye aji wani ya shigo. Fayil ya fita daga kotu goma su shigo. Ni in karɓi haihuwa yau, gobe layin awo ya fi na jiya tsawo. Ba ka taɓa ɗaga abu ka ce ga shi, na gama. Bargo kuwa yana da ranar gamawa. Ki kalmashe bakinsa na ƙarshe, ki yanke zare, ki baza shi a tsakar gida, kowa ya gani.

Tambayar da na fi sha ita ce, "Hajiya, me ya sa ba za ki mayar da shi sana'a ba?" Masu faɗa da kyakkyawar niyya suke faɗa, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ya daina kai ƙarshen wata. Na zauna na yi lissafin. Babban bargo na ɗinkin hannu yana cin maraicen watanni. Idan na sa masa kuɗin lokacina, babu mai saye, domin a Babbar Kasuwa za ka sami bargon waje mai laushi a kan kuɗin da bai kai rabin haka ba. Idan kuma na karya farashi, to na sayar da hutuna da arha. Sannan da zarar an ba ki kuɗin kafin alƙalami, an sa miki rana, an fara kiran waya ana cewa biki ya matso, abin ya zama aiki na biyu mai shugaba. Ina da shugabanni a wurin aiki, kuma ina girmama su. Ba na son in ƙara wani a ɗakina.

Wannan ra'ayina ne a kan kaina, ban ɗora wa kowa ba. Babbar yayarmu a wannan zama ta yi ritaya bayan shekara 35 tana aikin ofis, kuɗin sallamarta suka yi jinkiri, ga marayu a gabanta. Ta fito da kekenta Butterfly ta fara haɗa zannuwan gado da rigunan filo na ƙyallaye tana sayar wa masu haɗa kayan ɗakin amare. Da shi ta riƙe gidanta, kuma ni da kaina nake kai mata masu saye. Amma ita ma ta gaya mini cewa akwai guda ɗaya da take yi da hannu a hankali, wanda ba na sayarwa ba ne, kuma shi take ɗauka idan ranta ya ɓaci.

Maigidana da farko bai gane ba. Yakan ce, "Kin kwana tsaye, ki kwanta mana ki huta." Da ya ga cewa ranar da na yi ɗinki na fi sakin fuska da yara, shi da kansa ya sa kafinta ya yi mini akwatin ajiye ƙyalle, ya kuma sayo mini fitila mai caji. 'Yata ce ta nuna mini a waya cewa a wasu ƙasashe abin nan babban fanni ne. Na ga aikin matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, waɗanda suka yi ta ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona saboda sanyi da talauci, har a 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston. Na daɗe ina kallon hotunan. Layukansu ba su miƙe sosai ba, kuma hannun Inna na gani a ciki. Ita tata shimfiɗar babu wanda ya rataye a bango, mun yi ta amfani da ita har ta ƙare.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ƙyallen kansa. A da atamfar Kaduna ce a jikin kowa, auduga zalla, mai jure wanki. Masaƙun nan sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007, kasuwa ta cika da atamfa mai haɗin roba wadda ke ƙyalli a ido amma ba ta shan gumi, kuma allura ba ta jin daɗin ratsa ta. Teloli ma da suke ba mu ragowa kyauta yanzu masu cusa filo suna saye a buhu, ban kuma ga laifinsu ba. Don haka na koma bin 'yan'uwa ina roƙon tsofaffin zannuwan da suka daina ɗaurawa. Turmi guda yadi shida ne, kuma ko ya tsufa, in an cire inda ya sule, ana samun abin da zai rufe jarirai biyu.

Ritayata ta kusa. Idona ya fara neman tabarau, kuma yanzu jikata ce ke zura mini zare. Na yi magana da shugabar Islamiyyar matan unguwarmu, ta ba ni ranar Alhamis bayan an tashi karatu in riƙa koya wa duk mai so, ma'aikaciya ce ko mai zaman gida. Sharaɗina ɗaya ne: kowace ɗaliba bargonta na farko ƙarami za ta yi, na jariri, mu tara su kafin sanyi ya shigo mu kai ɗakin haihuwa. Mun riga mun fara yanka. Abin da ya rage mana shi ne shafi, don haka duk wadda ke cikin garin Sakkwato take da tsohon zanen auduga a ƙasan akwati, kada ta ƙone shi, ta wanke ta ajiye mana.